Ƙananan furotin da ke kunna makarɓan sel daga cikin tantani

Duk wanda ya saba da kiwon shanu ya san ƙullutan nan masu kaushi da ke fitowa maraƙi a wuya ko a gefen ido, wani lokaci kuma a kan nonon saniya. Yawanci ba sa kisa, bayan wasu watanni sai su bushe su faɗi da kansu. Abin da ke kawo su wani bairos ne na shanu daga dangin fafiloma, kuma nau'insa na 1 da na 2 su ne ke haddasa wani ƙari mai naci a fatar dawakai da jakuna. A cikin ƙwayoyin gadon wannan bairos akwai wata 'yar guntuwa da ke samar da furotin mai suna E5. Amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su, 44 kacal gare shi. Don a gane ƙanƙantarsa, kowane zare ɗaya na himogulobin da ke cikin jininmu yana da amino asid 141 ko 146, makarɓin da E5 ke kunnawa kuwa, wato furotin ɗin da ke karɓar saƙo a jikin sel, ya haura 1,000. E5 ba ya sarrafa wani sinadari, ba ya yanka komai, kusan dukkan jikinsa ma a nutse yake cikin maiƙon tantanin sel. Amma shi kaɗai ya isa ya sa lafiyayyen sel ya shiga rarrabuwa babu tsayawa. Yadda yake yin haka ya sauya fahimtar masana game da wurin da ake yanke shawara a jikin makarɓi, kuma ina ganin wannan darasi bai samu kulawar da ta dace da shi ba a wajen ɗalibanmu na kimiyyar halittu da likitanci.

Sai an fara da tantanin kansa. Kowace ƙwayar halitta, wato sel, tana lulluɓe da tantani mai ruɓi biyu na maiƙo. Fuskokinsa biyu, ta waje da ta ciki, suna jituwa da ruwa, amma tsakiyarsa mai ne zalla, kaurinsa kamar nanomita 3. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Furotin ɗin da zai ratsa wannan tsakiya dole ya murɗe kansa, ya ɓoye sassan ƙashin bayansa masu son ruwa a ciki, ya fito da rassa masu son mai a waje. Kowane amino asid yana ƙara wa murɗin tsawon nanomita 0.15, don haka guda 20 ko makamancin haka sun isa a tsallaka daga wannan fuska zuwa waccan. Akwai wani adadi da ya kamata a riƙe, domin za mu koma kansa: murɗin yana cika zagaye ɗaya a kowane amino asid 3.6, ma'ana kowane ɗaya ya karkata da digiri 100 daga wanda ya gabace shi.

Makarɓi shi ne furotin ɗin da ke karɓar saƙo daga wajen sel ya isar da shi ciki. Irin wanda ya shafe mu a nan kashi uku ne: babban kai a waje mai kama sinadarin saƙo, murɗi guda ɗaya da ya ratsa tantani, sai jela a ciki mai ɗauke da injin da ake kira kaines, wanda aikinsa liƙa fosfet a jikin furotin. Ɗan Adam yana da makarɓa 58 na wannan dangi. Ɗaya daga cikinsu shi ne makarɓin PDGF, sinadarin haɓakar sel da Russell Ross da abokan aikinsa suka bayyana a 1974 a Jami'ar Washington da ke Siyatil, Amurka. Ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare ne ke sakinsa a bakin rauni don naman wurin ya tsiro ya rufe. PDGF tagwaye ne, hannu biyu gare shi. Yana kama makarɓi ɗaya da wannan hannu, ɗaya da wancan, ya matso da su kusa. Da zarar jelunansu na ciki sun haɗu, kowane kaines ya liƙa wa ɗan'uwansa fosfet, waɗannan fosfet ɗin su zama wurin saukar wasu furotin, daga nan saƙo ya bi hannu-hannu har cibiyar sel: a rabu biyu.

A wannan bayani, murɗin da ke tsakiya ba shi da wani aiki sai riƙe makarɓi a wurinsa. Haka aka ɗauke shi shekaru da dama, kuma ba don sakaci ba. In ka duba jerin amino asid ɗinsa, lusin ne da balin da aisolusin suna ta maimaita kansu, babu abin da ke jan ido. Ga shi da wahalar nazari, domin da ka fitar da shi daga maiƙo sai ya dunƙule ya ƙi narkewa a ruwa.

A 1986 abubuwa biyu suka girgiza wannan ra'ayi. A ɗakin binciken Robert Weinberg, Cornelia Bargmann ta gano cewa abin da ya mai da makarɓin neu na gafiyar gwaji mai haddasa kansa sauyin amino asid ɗaya ne tak, a matsayi na 664, inda gulutamet ya maye gurbin balin. Wurin kuwa a tsakiyar tantani yake. A shekarar ce kuma rukunoni biyu, ɗaya na Daniel DiMaio a Jami'ar Yale, ɗaya na John Schiller da Douglas Lowy a cibiyar binciken kansa ta Amurka, suka nuna cewa E5 ne babban makamin bairos ɗin shanu wajen sauya sel.

Gwajin da ake yi don ganin wannan sauyi ido na iya ganinsa. Ana shuka sel na ɓera a faranti. Lafiyayyun sel suna yaɗuwa har su rufe gindin farantin da shimfiɗa ɗaya, da sun taɓa juna sai su daina rabuwa. In aka shigar da E5 aka jira mako biyu zuwa uku, sai a ga wasu wurare sun yi tudu, sel sun hau kan juna sun cunkushe. In aka zuba rini, waɗannan tuddai su fito a matsayin ɗigo-ɗigo masu duhu da za a iya ƙirgawa ba tare da madubin ƙara girma ba. Yawan ɗigon shi ne ma'aunin ƙarfin furotin ɗin.

Tambayar ita ce ta yaya. A 1991 Lisa Petti da DiMaio suka nuna cewa a sel masu E5, makarɓin PDGF nau'in beta a kunne yake dare da rana, alhali babu PDGF a wurin. Kafin haka an san wani bairos da ke kunna wannan makarɓi: a 1983 aka gano cewa wani bairos mai sa birai kansa yana ɗauke da kwafin PDGF da ya sato daga sel. Wancan jabun saƙo yake kawowa ta ƙofar da aka saba. E5 kuwa bai yi kama da PDGF ta kowace fuska ba. Hujjar da ta rufe bakin masu shakka ita ce lokacin da aka datse kan makarɓin na waje, wurin da PDGF ke kamawa. Makarɓin ya daina jin PDGF, amma E5 ya ci gaba da kunna shi. Ashe a cikin maiƙo suke haɗuwa.

An bi amino asid ɗin E5 ɗaya bayan ɗaya ana sauyawa, ana ƙirga ɗigo a faranti. Abin mamaki, mafi yawansu za a iya musanya su da wasu masu son mai ba tare da aikin ya lalace ba. 'Yan kaɗan ne ba a taɓawa. Akwai sisteyin biyu a matsayi na 37 da 39, waɗanda ke ɗaure E5 biyu su zama tagwaye. Akwai asfatet a matsayi na 33, mai cajin nagatif, wanda ke janyo laisin mai cajin fositif a matsayi na 499 na makarɓin ɓera, daidai bakin tantani. Sai gulutamin a matsayi na 17, can cikin mai, wanda ke riƙe da tiriyonin na 513 a jikin makarɓin. E5 da makarɓin kai da ƙafa suke kwanciya, shi ya sa waɗannan wurare suka faɗa daidai da juna. Tun da E5 tagwaye ne, fuska biyu gare shi iri ɗaya, kowace ta kama makarɓi guda. Aikinsa kamar na karkiya ne a wuyan shanun huɗa: ita ba ta jan garma, amma ita ke haɗa bijimai biyu kafaɗa da kafaɗa su fuskanci wuri ɗaya, daga nan ƙarfin nasu ne.

Me ya sa amino asid biyu kacal za su yi irin wannan riƙo? Dalilin yana ga muhallin. A cikin ruwa, gulutamin ba ya rasa abokin hulɗa, ƙwayoyin ruwa sun kewaye shi ta ko'ina, don haka riƙonsa da wani furotin ba ya da ƙarfi. A tsakiyar tantani babu ruwa. Amino asid mai son ruwa da ya tsinci kansa a can a takure yake, kuma duk lokacin da ya samu irinsa a jikin wani murɗi sai ya riƙe shi gam. Jikinmu ma yana amfani da wannan dabara. Makarɓin sel ɗin T na garkuwar jiki guntaye da yawa ne, kuma a 2002 Matthew Call da Kai Wucherpfennig suka nuna cewa abin da ke harhaɗa su amino asid uku ne masu cajin fositif a cikin tantani, kowanne yana riƙe da biyu masu cajin nagatif.

Wasu abubuwa biyu game da E5 sun cancanci a tsaya a kansu. Na farko, zaɓensa. Makarɓin PDGF iri biyu ne, alfa da beta, 'yan gida ɗaya masu kama da juna ƙwarai, amma E5 beta kaɗai yake kunnawa. Na biyu, wurin aikinsa. Mafi yawan E5 ba ya fitowa saman sel, yana zaune ne a tantanin Golgi, sashen da ake ƙarasa gyaran furotin kafin a tura su waje. A can yake tare makarɓin tun bai gama nuna ba, ya kunna shi. Maganin da ke aiki ta hanyar toshe kan makarɓi daga waje ba zai kai ga wannan wuri ba.

(A nan sai a yi hattara da wani ruɗani. Bairos ɗin HPV na mutane, mai haddasa kansar bakin mahaifa, wanda Najeriya ta fara yi wa 'yan mata 'yan shekara 9 zuwa 14 rigakafinsa a watan Oktoban 2023, shi ma yana da furotin mai suna E5. Na HPV16 amino asid 83 ne, tsarinsa daban, kuma ba shi ne jigon cutar ba. A mutane E6 da E7 ne ke yin ɓarnar.)

Haɗa makarɓa biyu kusa da juna bai isa ba, kuma a nan digiri 100 ɗin nan ke shigowa. Makarɓin EPO, sinadarin da ƙoda ke fitarwa don ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini, an gano tun 1999 cewa sau da yawa a haɗe yake biyu-biyu tun kafin EPO ya iso, amma shiru yake. A 2003 rukunin Stefan Constantinescu a Burasels, Beljiyam, suka yi wani gwaji da nake ganin yana cikin mafi tsafta a wannan fage. Suka cire kan makarɓin na waje, suka maye gurbinsa da wani guntun furotin mai ɗaure biyu wuri ɗaya, sannan suka riƙa sauya tsawon mahaɗar da amino asid ɗai-ɗai. Kowane sauyi yana juya murɗin da digiri 100, har aka samu fuskoki bakwai da murɗa biyun za su iya kallon juna. Duk bakwai ɗin a haɗe suke, tazararsu ɗaya. Amma wasu suka kunnu sosai, wasu ko motsi. Abin da jelar ciki ke ji ke nan shi ne ta wace fuska aka juyo ta. In kaines biyu suka ba juna baya, ko sun manne ba za su yi aiki ba.

Wannan makarɓi na EPO shi ma yana da bairos ɗinsa. Charlotte Friend ta bayyana shi a 1957 a Niyok: yana sa saifar ɓera ta kumbura, jajayen ƙwayoyin jini su yi yawa fiye da kima. A 1990 aka gano cewa wani furotin nasa mai suna gp55 ne ke kama makarɓin EPO ya kunna shi, daga baya aka tabbatar cewa ta murɗin cikin tantani yake kamawa. Makarɓin ɓera yake kunnawa, na mutum kuwa a'a. Bambancin ya ta'allaƙa ga matsayi na 238, inda ɓera ke da serin, mutum ke da lusin. In aka sa wa na mutum serin a wurin, sai ya amsa.

Daga nan DiMaio ya yi tambayar da ta fi burge ni. In amino asid kaɗan ne ke da muhimmanci a E5, me zai hana a ƙera irinsa daga babu? Suka haɗa jerin ƙwayoyin gado dubban ɗaruruwa, kowanne yana samar da ɗan gajeren murɗi mai son mai wanda aka jera amino asid ɗinsa da ka. Suka samo wasu sel na jinin ɓera da ake kira Ba/F3, waɗanda ba sa rayuwa sai ana zuba musu wani sinadarin haɓaka mai suna IL-3. Aka sa wa sel ɗin makarɓin da ake so a gwada, aka shigar wa kowane sel furotin ɗaya daga cikin tarin, sannan aka janye IL-3. Cikin 'yan kwanaki kusan duka suka mutu, ruwan kwalbar ya cika da tarkace. Amma nan da can sai a ga 'yan tsiraru suna sheƙi, suna rabuwa. Waɗannan su ne suka dace da furotin ɗin da ya kunna makarɓin ya ba su saƙon rayuwa. Sai a tattara su, a ciro ƙwayar gadon, a karanta. Sel ɗin da kansu suka yi tankaɗen, mai bincike bai buƙaci ya san amsar tun farko ba.

Ta wannan hanya, a 2010 suka samu wani ƙirƙirarren furotin da ke kunna makarɓin EPO na mutum, har ya sa sel na asalin jini suka kama hanyar zama jajayen ƙwayoyi babu EPO ko ɗigo. Daga baya suka samu wasu da ke rage CCR5 a saman sel, ɗaya daga ƙofofin da HIV ke bi ya shiga.

Sakamakon 2015 ne ya dagula bayanin da na bayar a sama, kuma daidai ne a faɗi haka. Suka ƙera furotin masu amino asid 26: metiyonin na farawa, sauran 25 kuwa lusin da aisolusin kawai. Jeri iri-iri da za a iya samu sun haura miliyan 33. Babu caji, babu gulutamin, babu sisteyin. Duk da haka wasu daga cikinsu suka kunna makarɓin PDGF beta, suka ƙyale sauran makarɓa. Lusin da aisolusin sinadaransu ɗaya ne, nauyinsu ɗaya, bambancin kawai inda wani ɗan reshe mai kabon ɗaya ya tsaya. A 2017 suka nuna cewa musanya ɗaya da ɗaya a wuri guda yana iya sauya wane makarɓin EPO furotin ɗin zai kunna, na mutum ko na ɓera. Wato caji hanya ɗaya ce cikin hanyoyi. Akwai ta biyu, ita ce siffa: tudu da kwarin da ke jikin murɗi ɗaya su shige cikin na ɗayan ba tare da gibi ba, raunanan jan da ke tsakanin kowane atam da maƙwabcinsa su taru su zama riƙo. An riga an ga misalin haka a gilaikoforin A na jajayen ƙwayoyin jini, wanda aka fitar da siffarsa a 1997: ƙananan gilaisin biyu, da amino asid uku a tsakaninsu, suna barin kwari a gefe ɗaya na murɗin, abokinsa ya kwanta a ciki.

Ni abin da na ɗauka daga wannan shi ne, in jerin da aka zuba da ka a ɗakin bincike yana iya kunna makarɓi, da wuya a ce jikinmu bai daɗe yana amfani da irin wannan hanya ba. Shekaru da yawa manhajojin da ke neman ƙwayoyin gado suna watsar da duk jerin da bai kai amino asid 100 ba, a kan cewa hayaniya ce. Da aka koma aka duba, sai ga ƙananan furotin na cikin tantani suna fitowa. A tsoka, miyoregulin mai amino asid 46 da aka bayyana a 2015 yana rage gudun famfon kalsiyam, DWORF mai 34 da aka bayyana a 2016 yana ƙara masa gudu. Famfo suke sarrafawa, amma dabarar ɗaya ce, murɗi ya jingina da murɗi.

Likitoci kuwa sun daɗe suna ganin sakamakon wannan a jikin mutane. Nau'in gajartar ƙashi da aka fi sani, akondurofilasiya, a 1994 aka gano tushensa: kusan duk masu shi suna da sauyi ɗaya a makarɓin FGFR3, ajinin a madadin gilaisin a matsayi na 380, cikin tantani. Aikin wannan makarɓi shi ne taka wa girman ƙashi birki, sauyin kuwa yana sa ya yi aiki fiye da kima, sai ƙasusuwan hannu da ƙafa su gajarce. A makarɓin TPO, sinadarin da ke kula da yawan ƙwayoyin daskarar da jini, sauyi a matsayi na 505 ko 515 yana barinsa a kunne, ɓargo ya yi ta ƙera su babu buƙata.

A wannan makarɓi na TPO ne kuma ilimin ya riga ya zama magani. Eltrombopag ƙwaya ce da ake haɗiya, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2008 don masu ƙarancin ƙwayoyin daskarar da jini. Ba furotin ba ce, ƙaramin sinadari ne, amma inda take kamawa shi ne bakin murɗin cikin tantani, kuma tana buƙatar histidin a matsayi na 499. Mutum da birin cimfanzi ne ke da histidin a wurin, ɓera lusin gare shi, don haka ba ta yi wa makarɓin ɓera komai, abin da ya sa gwajin ingancinta a dabba ya koma kan cimfanzi. Tun da ba wuri ɗaya take kamawa da TPO na jiki ba, ba sa rige-rige, aikinsu haɗuwa yake. Wannan ya yi amfani a cutar da ɓargo ke daina ƙera jini, wadda aka amince a yi amfani da maganin a kanta a 2014. Masu wannan cuta TPO ya riga ya yi yawa a jininsu, don haka da farko ba a ga dalilin da ƙarin mai kunna makarɓin zai taimaka ba. Wani bincike na 2019 ya kawo bayani: intaferon gama, sinadarin kumburi da ke yawa a jikinsu, yana manne wa TPO ya hana shi kama kan makarɓin yadda ya kamata, eltrombopag kuwa tun da ta tantani take shiga, wannan shinge bai tare ta ba.